Batirinku ba jabu ba ne, yunwa da ƙishirwa suka kashe shi 🧵

1/ Duk wanda batirin inbata ko na sola ya mutu mashi a garin nan, magana ɗaya ce: "jabu aka sayar mani." Ni ma haka na riƙa faɗa. Yau na zo in janye maganata. Yawancin baturan nan mu muke kashe su da hannunmu. Ku biyo ni, zaren na da ɗan tsawo.

2/ Gidanmu yana Ƙofar 'Yandaka. Mama na sayar da ƙanƙara, zoɓo da kunun aya. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareto ya koma cinye riba har da uwar kuɗi. Sai ta kwashi adashi, Yaya ya cika mata, aka sa inbata.

3/ Manyan batura biyu aka saya, 200Ah kowanne, irin masu ruwa. Fanel ɗin sola kuwa biyu kacal, don kuɗin duk ya ƙare a batura. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanshi. Mai shago ya ce za su yi shekara huɗu. Wata 14 suka yi.

4/ Da farko sukan kai mu asuba. Daga baya ƙarfe biyun dare inbata ta fara kuka. Duhun Oktoban 2024, da Arewa ta yi sama da mako guda babu wuta, shi ya ƙarasa su. Ranar da ƙanƙara ta narke, zoɓo ya yi tsami, Mama ba ta ce komai ba. Shirun nan ya fi faɗa ciwo.

5/ Na ɗora su a kurkura, ina ta huci, na kai ma wani dattijo mai cajin batir a bakin titi. Ya buɗe murfi, ya haska tocila, ya ce in leƙa. Ruwan ya ja ƙasa sosai, saman farantan ya bushe ya yi fari.

6/ Ya ce, "Yaushe rabon ku ba shi ruwa?" Na ce, "Baba, ruwa kuma?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan ba jabu ba ne. Ƙishirwa da yunwa suka kashe shi." Ni da nake aji uku a UMYU, Fiziks nake karantawa. Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige 😭

7/ Kunyar nan ta sa na koma na yi karatu. Irin wannan batir tsohon abu ne, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a 1859. Farantan dalma ne cikin ruwan asid. Batir mai 12V ɗakuna shida gare shi, kowanne na ba da kusan 2.1V.

8/ Mu fara da YUNWA. Duk sanda kake jan wuta, wani farin abu, salfet ɗin dalma, yana taruwa a jikin farantan. In ka cika batirin da wuri, sai ya narke ya koma cikin ruwa. In ka bar shi kwana da kwanaki bai cika ba, sai ya daskare ya yi tauri. Wurin da ya kama ya daina aiki ke nan.

9/ Lambobin da ya kamata ka haddace. A cire kaya da caji, batir ya huta awa kaɗan, sannan a auna:
12.6 zuwa 12.7V: cike yake
12.2V: saura kusan rabi
12.0V: ya galabaita
In batura biyu aka jera suka ba da 24V kamar namu, ka ninka lambobin.

10/ Kukan da inbata ke yi yakan zo ne wajen 10.5 zuwa 11V a kowane batir. Wato ba gargaɗi ba ne, kusan sanarwar rasuwa ce. Mu kuwa kullum sai ta yi kuka muke kashe kaya. Wani lokacin ma a kashe a sake kunnawa don a ɗan ƙara matsar minti goma.

11/ Ƙa'idar batir mai dalma: kada ka riƙa cin fiye da rabinshi. Namu 24V sau 200Ah, 4,800Wh ke nan. Halak ɗinmu 2,400Wh. Fankar sama uku, kowacce wajen 70W, awa takwas: 1,680Wh. Ba a sa firiza ba, ba talabijin, ba wayoyin maƙwabta.

12/ Ga inda gizo ke saƙar. Cajin da batir mai ruwa ya fi so shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanshi, wato 20A ga mai 200Ah. Mayar da rabin da ka ci zai ɗauki awa biyar, sannan a ƙara awa biyu ko uku na ƙarasawa a hankali.

13/ To wutar awa nawa ake kawo mamu? Wata rana uku, wata rana ko ƙyalli. Fanel biyu kuma firiza ke shanye su da rana. Kamar mai cin bashin dubu biyar kullum yana biyan dubu uku. Baturanmu sun yi watanni ba su ga cikar ciki ba ko sau ɗaya.

14/ Sai ƘISHIRWA. Shekarun da ake rubutawa a kwali, a kan zafin digiri 25 aka lissafa su. Duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana rage ma batir kusan rabin rayuwarshi. Katsina a watan Afrilu tana haura 40. Mu kuma a sito muka aje namu, rufin kwano, ba taga.

15/ Zafi da caji suna cinye ruwan. A duba duk wata, lokacin zafi duk sati biyu. Tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa. Ba fiya wata ba, ba ruwan rijiya ko na burtsatse ba, gishirin cikinsu na lalata farantai. Kuma kada a ƙara asid: ruwa ne ke tafiya, asid ɗin na nan.

16/ Yanzu maganar caja. Tsohuwar caja mai taransifoma ba ta san ƙoshi ba, ɗura take yi har sai ka cire. In ka manta, batir ya yi zafi, ya tafasa, ruwa ya ƙone. In ka cire da wuri, bai cika ba. Ko ta ina kai ne a ƙasa.

17/ Caja mai hankali, irin mai ƙwaƙwalwar nan, matakai uku take bi. Na farko ta tura wuta da ƙarfi har batir ya kai kusan kashi 80. Na biyu ta tsaya wajen 14.4V, wutar na raguwa da kanta. Na uku ta sauko wajen 13.5V, ta riƙe shi a cike ba tare da ta dafa shi ba.

18/ Matakin na biyu shi ne maganin yunwa, shi ke narkar da salfet kafin ya daskare. Na uku shi ne maganin ƙishirwa. Masu kyau ma suna auna zafin wuri su ɗan sassauta in an yi zafi, wanda a garinmu ba ƙawa ba ce, larura ce.

19/ Za ka ga maɓallai: AGM, GEL, mai ruwa, litiyam. Ba ado ba ne, kowane batir da cimarshi. In ka sa ma GEL cajin mai ruwa, za ka busar da shi, kuma shi ba a ƙara mashi ruwa. Litiyam kuwa kada ma ka haɗa shi da cajar da ba tashi ba.

20/ Abin da ya fi ba ni haushi: ashe inbatarmu da kwanturolar sola duk suna da waɗannan saitin a ciki. Tun da aka fiddo su daga kwali ba wanda ya taɓa. In za a sa maku, ku tsare mai haɗawa: wane irin batir ka zaɓa? Amp nawa take caji? A nawa take yankewa?

21/ Na san za a ce "ina kuɗin wata caja, ana fama da na abinci?" Gaskiya ne. Amma ka haɗa kuɗin caja mai kyau da ƙaramar mitar aunawa, ba su kai kwatan kuɗin babban batir ɗaya ba. Mu mun yi tsimin ƙaramin, muka biya babban sau biyu.

22/ Sai dai kada a yaudare ku. Caja mai hankali ba boka ba ce. Maɓallin "gyara" da ake talla zai iya ɗan farfaɗo da batirin da ya fara rauni, amma wanda ɗaki ɗaya ya mutu ko farantan suka zube, ya tafi. Kuma ba za ta ƙirƙiro awannin wutar da ba a kawo ba.

23/ Jabu fa? Akwai su, ban musa ba. Akwai masu canja takardar jiki, akwai tsohon ajiya. Dalma nauyi gare ta: mai ruwa 200Ah na gaske yana kaiwa wajen kilo 60, in ka ɗaga da hannu ɗaya ka aje masu kayansu. Duba ranar ƙira, auna shi a shagon, karɓi rasit.

24/ Masu sa batirin mota a inbata don araha, ku yi haƙuri. Farantanshi sirara ne, an yi shi ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, injin ya tashi, altaneta ta mayar mashi. Na sola farantanshi masu kauri ne don jan dare. Ɗan tsere daban, ɗan dako daban.

25/ Masu mota: in injin na aiki, mita ta nuna 13.8 zuwa 14.4V a kan batir, altaneta lafiya. A daina cire kan batir mota na kunne da sunan gwaji, yana iya ƙona na'urorin motar. Wadda aka aje makonni saboda tsadar mai, a cire kan ko a riƙa cika batirin duk wata.

26/ 'Yan mashin, batirinku ƙarami ne, amp ɗaya ya ishe shi, kada a maƙala shi a layin manya. Kuma kada a jera sabon batir da tsoho a inbata ɗaya. Tsohon zai ja sabon ƙasa, wata kaɗan ku koma kuna neman biyu.

27/ Batir mai ruwa na fitar da iskar haidurojin lokacin caji, kuma tana kamawa da wuta. Ban da ɗakin kwana, ban da kusa da murhu ko sigari. Gwajin nan na ƙyasta waya a kai don a ga tartsatsi, batir na iya fashewa a fuska. Mita ta fi ido araha.

28/ In ya mutu, kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwan a kwata. Mun ga abin da gubar dalma ta yi ma ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ta hanyar haƙar zinare. A wata unguwa a gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura.

29/ Mama ta sake wani adashin. Wannan karon mun ƙara fanel, batura sun koma zaure inda iska ke shiga, firiza da rana kawai take aiki. Duk Juma'a muna rage kaya su cika taf, ko da janareto ne. Ranar ɗaya ga wata ni ke duba ruwa.

30/ Baba har yanzu tsohuwar cajarshi yake amfani da ita, amma kowane lokaci yana zagayawa yana taɓa jikin batura da bayan hannu. Shi ne ƙwaƙwalwar cajar. Mu da ba za mu iya wannan zaman ba, sai mu sayi wadda za ta yi mamu gadin.

31/ Yanzu da magariba Mama kan leƙo ta ce, "Kai, nawa mitar ta ce?" In na ce 24.6 da dare ya yi nisa, da kanta take kashe fanka ɗaya 😂

Naku batirin wata nawa ya yi? Kuma tsakani da Allah, yaushe rabon ku buɗe murfinshi?