Daga "Fi" Zuwa "Faster": Hadda Kaɗai Ba Ta Isa Ba

'Yan'uwana ɗaliban harshe, akwai wani ɓangare na nahawun Ingilishi da ke cinye mana maki a jarrabawa, wato nuna fifiko da bayanau. A ganina laifin ba na ƙwaƙwalwarmu ba ne, na hanyar koyarwa ne. Za a ba ka jerin kalmomi ka haddace, amma ba za a nuna maka inda harshenka ya saɓa da na Bature ba.

Ƙa'idar kanta ba ta da yawa. Bayanau mai gaɓa ɗaya ana liƙa masa -er a ƙarshe: fast ya koma faster, hard ya koma harder, soon ya koma sooner. Wanda ya ƙare da -ly kuwa, more ake sawa kafin shi: more slowly, more carefully. Early ya fita zakka, domin earlier ake cewa. Sai kuma masu sauya kama ɗungurungum, kamar well da ke komawa better, da badly da ke komawa worse.

To, ina gizo ke saƙar? Bahaushe ba ya yi wa kalma ƙari don nuna fifiko. Aikatau "fi" ke ɗaukar nauyin duka: "Audu ya fi Bala saurin gudu." Haka Bayarabe ke yi da "ju", mai Turancin buroka kuma da "pass". Shi ya sa idan ɗalibi zai juya tunaninsa zuwa Ingilishi, sai ya nemi kalma guda da za ta tsaya a madadin "fi", ya cafke more, ya dinga cusa ta ko'ina. Daga nan ake samun "more faster" da "more better", fifiko biyu a wuri ɗaya. Wani ma sai ya rubuta "more hardly" yana nufin ƙarin ƙwazo, alhali hardly na nufin "da ƙyar". Ka ga yabo ya zama zagi.

Saboda haka, ina kira ga malamanmu, da mu kanmu da gobe za mu riƙe alli, mu fara wannan darasi daga jimlar Hausa. A rubuta ta a allo, a jera ta Ingilishi a ƙasanta, ɗalibi ya gani da idonsa cewa aikin da "fi" ke yi a Hausa, a can -er ko more ke yin sa tare da than, kuma ba a haɗa -er da more. Wanda ya gane wannan, hadda sai ta zo masa da sauƙi. Allah ya sa mu dace.