Ƙyanda a bakin iyakar Illela: maganin da ke kare ƙwayoyin halittar yaro

Duk shekara idan hunturu ya ja baya, zafi ya fara shigowa, asibitocin Arewa sukan fara karɓar yara masu zazzaɓi, jan ido, tari da ƙananan ƙuraje. Wannan ita ce ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, a Nijar kuma dusa. Illela, da ke bakin iyaka da Birnin Ƙonni, na cikin garuruwan da ya kamata su fi sa ido. Tun da aka sake buɗe iyakar a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, zirga-zirgar fatake, makiyaya da 'yan uwa ta dawo. Mutum ɗaya mai ƙyanda kuwa na iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da rigakafi.

A watan Oktoban 2025 Najeriya ta ƙaddamar da gangamin rigakafin ƙyanda da rubela, da nufin kai wa ga yara kusan miliyan 106. Sai dai a gari irin Illela, akwai yaran da suna can ƙetare lokacin da aka yi na nan, suna nan lokacin da aka yi na can. Idan irin wannan yaro ya kamu, me likita yake da shi a hannu?

Yadda cutar ke yin ɓarna

Ƙyanda ƙwayar bairos ce, kuma har yau babu maganin da ke kashe ta a cikin jiki. Antibayotik irin su amoksisilin bakteriya suke kashewa, ba sa taɓa bairos. Dalili kuwa shi ne bairos ba ya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar mutum ya yi amfani da kayan aikinta.

Ƙwayar ƙyanda tana fara kama ƙwayoyin garkuwar jiki, daga nan ta bazu zuwa siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin hanyar numfashi, hanji, baki da saman ido. Wannan fata ita ce katangar jiki. Idan ta tsattsage, bakteriya sai su samu ƙofa. Shi ya sa abin da ke kashe yaro galibi limoniya ce ko gudawa, ba ƙurajen da ake gani ba. A ido, gyambo kan fito a kan baƙin idon har ya kai ga makanta. A baki kuma, ƙyanda na cikin abubuwan da ke share fage ga cutar noma mai cin fuska, wadda ake da asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa ƙyanda na iya goge kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na kariyar da yaro ya tara daga wasu cututtuka.

Inda bitamin A ya shigo

Tunda ba a iya kashe ƙwayar, sai likitoci suka koma ga kare ƙwayoyin halittar da take lalatawa. Bitamin A shi ne sinadarin da wannan siririyar fata ke buƙata don ta sabunta kanta, kuma garkuwar jiki na dogara da shi. Ƙyanda tana sa ya yi ƙasa sosai a jini, ko da a yaron da ke samun abinci mai kyau, balle wanda tamowa ta riga ta taɓa.

A 1990 likitoci biyu, Hussey da Klein, sun wallafa gwajin da suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a kan yara 189 da aka kwantar da ƙyanda mai tsanani. Yara 12 suka rasu, 10 daga cikinsu a rukunin da ba a ba bitamin A ba. Waɗanda aka ba sun fi saurin warkewa daga limoniya da gudawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba duk yaron da aka tabbatar yana da ƙyanda sau biyu, ranar da aka gano da washegari. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 ana ba shi awo 50,000, ɗan wata 6 zuwa 11 awo 100,000, daga shekara ɗaya zuwa sama awo 200,000. Iyaye mata sun san shi: ɗan kwanson nan shuɗi ko ja da ake yanke bakinsa a ɗiga wa yaro a makon lafiyar mata da yara. Idan ido ya nuna alamar ƙarancin sinadarin, akan ƙara na uku bayan 'yan makonni.

An ga amfanin irin wannan dabara a lokacin korona. A Yunin 2020 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila sun bayyana cewa dezametazon ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi. Bai kashe ƙwayar ba, kumburin da ke lalata huhu ya kwantar. Amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar iskar oksijin ba.

Haɗarin da ke ciki

Darasin korona ya shafe mu kai tsaye, domin a kasuwanninmu ana sayen magani kamar gyaɗa. Kowanne daga cikin waɗannan magunguna yana da lokacinsa da awonsa. Dezametazon yana danne garkuwar jiki, don haka ba a ba yaro mai ƙyanda shi a gida. Maganin ɗigawa a ido mai irin wannan sinadari na iya sa gyambon ido ya fashe. Haka kwalli da ruwan ganye. Bitamin A kansa idan ya yi yawa yana illata hanta, kuma babban awo na iya cutar da ɗan tayi, shi ya sa ba a ba mai ciki. Asfirin ma ba na yaro mai zazzaɓin bairos ba ne.

Wajibi ne kuma a fahimci cewa bitamin A ba ya hana kamuwa da ƙyanda. Allurar rigakafi ce ke hanawa, a wata 9 da wata 15, kuma sai kashi 95 cikin ɗari na yara sun samu duka biyun kafin cutar ta daina yawo a gari.

Abin da ya kamata a yi

Hukumomin lafiya na Sakkwato da na jihar Tawa suna da aiki biyu: su daidaita lokutan gangaminsu, su kuma tabbatar babu ƙaramin asibiti a ƙauyukan iyaka da zai shiga bazara ba tare da bitamin A a ajiye ba. Magani ne mai araha, ba ya buƙatar firji.

Iyaye kuma kada su ɓoye yaro a ɗaki suna jiran ƙuraje su gama fitowa. A kai shi asibiti tun ranar farko, a gaya wa ma'aikaci don a ware shi daga sauran yara. A ci gaba da ba shi nono, ruwa da abinci mai manja, zogale, ƙwai ko hanta. Idan numfashinsa ya yi sauri, ya kasa sha, ya kasa buɗe ido ko ya fara jijjiga, kada a jira gari ya waye. Allah Ya ba yaranmu lafiya.