Motar Fetur Da Gas: Lissafin Da Ya Kamata Mu Yi A New Bell Kafin Mu Saya



Tun ranar 3 ga Fabrairu 2024 aka mayar da litar fetur, wanda muka fi sani da super, sefa 840 a Duwala. Kafin 1 ga Fabrairu 2023 a kan 630 ake sayar da ita. Cikin shekara guda aka yi ƙari sau biyu, daga 630 zuwa 730, sannan daga 730 zuwa 840, wato ƙarin kashi ɗaya cikin uku. Man dizal ma ya tashi daga 575 zuwa 828. Amma gwamnati ba ta taɓa tukunyar gas ta girki mai kilo 12.5 ba, an bar ta a sefa 6,500, kananzir kuma a 350. Duk mai tasi ko ɗan kasuwar da ya dubi wannan tazara dole ransa ya raya masa cewa da motarsa za ta sha gas da ya huta. Irin wannan mota kuwa akwai ta, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi lissafinta tare.

Wadda ta fi shahara ita ce Dacia Sandero ECO-G, ƙaramar mota mai ƙofa biyar, irin wadda bayanta ke buɗewa sama gaba ɗaya. Ana haɗa Sandero a Maroko, kuma a 2024 babu motar da ta kai ta ciniki a Turai. Injinta mai silinda uku ne, tankunanta biyu: na fetur a inda aka saba, na gas kuma mai siffar zobe a ramin da ake ajiye safayar taya. Da fetur take tashi, in injin ya ɗumama ta koma gas, in gas ya ƙare ta dawo fetur da kanta. Tankin gas ɗin yana da bawul da ke tsayar da ɗuri idan ya kai kashi 80 cikin 100, don a bar wa gas wurin kumbura lokacin zafi. An yi irin wannan tsari ga Renault Clio da Fiat Panda. A Turkiyya da Polan da Italiya miliyoyin motoci ke yawo da gas, domin can kana shiga gidan mai za ka tarar da famfon gas kusa da na fetur.

To, mu dawo gida. A ɗauka direban tasi yana ƙona lita 20 a yini tsakanin Kasuwar Santaral da Ndokoti da Bonaberi. A tsohon farashi sefa 12,600 ke nan, a sabo 16,800. Bambancin sefa 4,200 ne kullum, in ya yi aikin kwana 26 ya haura 109,000 a wata, tun bai cire balas ɗin mai mota da kuɗin cefane ba. Ita kuwa tukunya mai kilo 12.5 tana ɗauke da kusan lita 22, don haka litar gas ta kama kusan sefa 300. Gas bai kai fetur ƙarfi ba a lita, mota takan sha ƙarin kusan kashi 20 cikin 100, sai mu ce lita 24 a maimakon 20. Kuɗinsu sefa 7,200. Direban da ke kashe 16,800 zai koma kashe ƙasa da rabi. Wa zai ga wannan bai yi sha'awa ba?

Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu daga ina arahar ta fito. Sefa 6,500 ba ita ce ainihin kuɗin tukunyar ba. Gwamnati ce ke cike gibin ta hannun asusun daidaita farashin mai, wato CSPH, kuma ta yi haka ne don gidaje su rage dogaro da itace da gawayi. Gas ɗin da kamfanin SNH ke samarwa a Bipaga, kusa da Kribi, tun 2018, wajen tan 30,000 ne a shekara, bai kusa isar ƙasar ba. Mafi yawan abin da matanmu ke girki da shi ta jirgin ruwa ake shigo da shi, a biya da kuɗin waje. Fetur ma haka yake tun gobarar da ta tsayar da matatar SONARA ta Limbe a ranar 31 ga Mayu 2019. Shugaba Paul Biya ya faɗa a jawabinsa na ƙarshen 2023 cewa tallafin mai ya ci fiye da sefa biliyan 1,000 a 2022, kuma da nauyin wannan tallafi aka kafa hujjar ƙare-ƙaren farashin da muka gani.

Yanzu a sake duba direbanmu. Lita 24 a yini ta fi tukunya guda. A kwana 26 zai sha kusan tukunya 28, alhali gida mai matsakaicin iyali kan yi makonni da tukunya ɗaya. Tasi dubu kacal in suka bi wannan hanya, tukunya 28,000 ke nan a wata za ta bar kicin ta koma titi. Mu da muke zaune a Duwala mun san yadda gari yake in gas ya yi wuya: yara da mata ɗauke da tukunya daga wannan shago zuwa wancan, mai kamfani kaza ba ya karɓar tukunyar kamfani kaza, farashi ya haura abin da hukuma ta yanke. Ribar da direba zai ci daga tukunyar matarsa da ta maƙwabciyarsa za ta fito.

An riga an gwada wannan a Gana. Tun wajen 1990 gwamnatin ƙasar ta shiga ƙarfafa wa jama'a gwiwar girki da gas, ta sanya masa tallafi. Direbobin tasi suka ga ya fi fetur sauƙi, suka yi ta juya motocinsu. Aka shiga ƙarancin gas da dogayen layuka, a ƙarshe a 2013 aka cire tallafin, mai girki da mai tasi duka suka ji a jikinsu. A Yamusukuro ta ƙasar Kwaddibuwa ma tasi sun daɗe suna yawo da tukunyar girki a but, duk da dokar ƙasar ba ta yarda ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A ce gobe tallafin gas ya tashi a Kamaru, tukunya ta ninka kuɗi, lita za ta kai 600. In aka haɗa da ƙarin shan da mota ke yi, ta zama 720 a gaban 840 na fetur. Wanda ya ci bashi ya sayi mota da lissafin 300 sai ya yi shekaru bai mayar da kuɗinsa ba.

Akwai kuma matsalar inda za a ɗura. Gas ɗin da muke gani a gidajen mai na unguwanninmu a cikin tukwane yake, na girki ne. Tankin motar da aka ƙera a masana'anta da famfo na musamman ake cika shi. In mutum ba shi da irin wannan famfo a hanyarsa, motarsa ta zama motar fetur zalla, ga nauyin tanki na banza, ga babu wurin safaya. Mai zuwa Ngaundere ko Garwa ya san abin da tafiya ba safaya take nufi. Daga nan ne ake faɗa wa abin da muka fi tsoro: a kifa tukunyar girki a juye ta cikin tankin mota da roba, ko a ɗaure ta a but a ja tiyo zuwa inji. Tukunyar girki an yi ta ne ta tsaya a tsaye a inuwa. Ba ta da bawul ɗin da ke yanke gas in inji ya mutu ko aka yi karo, kuma ba a ƙera ta don ramukan titi da zafin but ba.

Mazauna New Bell sun fi kowa buƙatar kula da wannan. Gas ya fi iska nauyi. In ya tsiyaya ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya taru a kwata da rami da ƙarƙashin mota, ya jira tartsatsi. Unguwarmu kuwa gida na jingine da gida, lunguna ƙanana, ga mai tsire da mai shayi da mai walda duk a bakin hanya ɗaya, motar kashe gobara ba ko'ina take iya shiga ba. Kasuwar Kongo ta sha gobara ba sau ɗaya ba, 'yan kasuwarmu da yawa har yau ba su gama farfaɗowa ba. Manyanmu ba su manta da Nsam ba, a Yawunde, ranar 14 ga Fabrairu 1998, inda wutar mai ta kashe mutane fiye da 200. Wanda ya ajiye mota mai tukunyar girki a ƙofar masallaci ranar Juma'a, ko ya ɗauki 'yan makaranta a cikinta, ya saka rayukan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Haƙƙin maƙwabci da na fasinja yana wuyansa.

'Yan uwanmu masu zirga-zirga zuwa Kano za su ce ai Nijeriya ta koma gas tun da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. A lura, wanda gwamnatin can ke yaɗawa shi ne CNG, iskar ƙasa da ake matsewa da ƙarfi sosai a cikin tukwane masu kauri. Ya sha bamban da GPL na girki, kayan wannan ba sa aiki a wancan. A can ɗin ma, a Oktoba 2024, wata mota ta fashe a wurin ɗura CNG a birnin Benin saboda tukunyar da aka haɗa a wurin mai walda. In Kamaru za ta yi tunanin gas na mota da gaske, wannan fannin ya cancanci dubawa, domin tun 2012 ake tura iskar Logbaba ta bututu zuwa masana'antun Duwala, kuma ita ba ta takara da tukunyar kowa.

Kada a fahimce mu da cewa motar ce ba ta da kyau. Inda aka tsara abin, gas yana rage hayaƙi, yana rage kashe kuɗi. Garin da yajin aikin direbobi kan farashin mai ya rikiɗe ya zama tarzomar Fabrairu 2008, wadda aka rasa rayuka a cikinta, bai kamata ya raina duk abin da zai sauƙaƙa sufuri ba. Abin da muke nema daga ma'aikatar makamashi da ta sufuri da ƙungiyoyin direbobi shi ne a fara da tsari: gas na mota da farashinsa daban da na girki, famfuna masu lasisi, makanikai masu takardar shaida, da duba tanki a lokacin binciken lafiyar mota.

Kafin a kai can, ga shawararmu. Mai niyyar sayen ƙaramar mota, da kuɗin adashi ne ko na gumin shekaru, ya yi lissafinsa a kan fetur kawai. In lissafin ya fita, ya saya. In sai da gas yake fita, ya dakata. Wanda aka kawo wa 'yar Beljiyam mai tanki biyu ya duba shekarar da aka buga a jikin tankin, domin a Italiya doka ta ce a canza shi bayan shekara 10, kuma da yawan motocin da ke sauka a tasharmu sun wuce haka. Ya tabbata takardun motar da na inshora sun ambaci gas. Makanikanmu su ƙi karɓar aikin ɗaura tukunyar girki ko nawa aka ba su. Ɗalibanmu masu karatun fasaha kuma su sa ido a wannan fanni tun yanzu, don ranar da aka buɗe ƙofar, a samu 'ya'yan unguwa da suka iya aikin bisa ƙa'ida. Limamai da masu unguwanni suna da bakin da ake ji, muna roƙon su ja hankalin jama'a tun abin bai zama ruwan dare ba.

Allah ya tsare mu da gobara, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya sauƙaƙa wa talaka. Wassalamu alaikum.