Cinikin Biri a Sama

'Yan'uwa ɗalibai, da ku matasan ma'aikata, akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a kasuwar wayar salula, wadda ya kamata mu kira ta da sunanta. Mutum zai so ya sauya tsohuwar wayarsa da sabuwa, sai mai kanti ko ɗan kasuwar intanet ya ce masa ya biya kuɗin duka tun yanzu, waya kuwa tana nan tafe. Yaushe? Sai dai a ce masa ya ƙara haƙuri, kaya suna hanya daga Legas. Wannan shi ne abin da iyayenmu suke kira cinikin biri a sama, kuma ba su taɓa ɗaukarsa ciniki ba.

Kada wani ya ce mana ai sauya waya ƙawa ce. Ɗalibin da ya fito daga Wurno ko Rabah, da waya yake rajistar makaranta, da ita yake duba sakamako, a cikinta ake sanar da shi an ɗage lacca. Manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Goronyo da ita yake jin farashi kafin ya ɗora buhu a mota, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ita ake turo masa kuɗinsa. Ƙaramar waya mai madannai ba ta iya rabin wannan aiki. Saboda haka tilas ce take kai mutum kanti, mai kanti kuwa ya san da haka sarai.

To, mene ne haƙiƙanin abin da ke faruwa idan ka biya kafin a ba ka? Ka ba attajiri rance ke nan, rancen da ba shi da ranar biya, ba shi da shaida, ba shi da jingina. Da kuɗinka zai saro kaya, ya juya, ya ci riba, kai kuwa kana zaune da guntuwar takarda, in ma an ba ka ita. Abin da ya fi ciwo shi ne kuɗin talaka ba ya jira. Daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024, dalar Amurka ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da naira 1,500, wayoyi kuwa kusan dukkansu daga waje ake shigo da su. A irin wannan yanayi wanda ya biya ya jira yakan koma karɓar kayansa a ce masa farashi ya tashi, sai ya yi ciko. In ya ce a mayar masa da kuɗinsa, abin da za a miƙo masa ba zai sayi wayar da ya saya jiya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutumin birni yana iya leƙa kanti kullum da la'asar har a gaji da ganin fuskarsa. Mutumin gabashin Sakkwato fa? Kowace tuntuɓa kuɗin mota ce zuwa birni da dawowa, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki a 'yan shekarun nan. Bayan zuwa uku ko huɗu sai ya haƙura, kuma wannan haƙurin nasa yana cikin lissafin ribar wanda ya riƙe masa kuɗi.

Wannan hali ba yau ya fara ba. Ku tambayi iyayenku da suka yi aikin gwamnati yadda ake samun wayar tangaraho a zamanin P&T, da bayan an kafa NITEL a 1985: a cika takarda, a biya kafin alƙalami, a shiga layin jira na watanni ko shekaru. Har zuwa 2001 layukan waya a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. Da salula ta zo a wannan shekara sai aka ce an huta, amma tsarin bai sauya ba, kati ne za ka saya tukuna kafin ka yi magana. An kuma riƙa cajin minti guda cur ko da kalma biyu ka faɗa, ana cewa lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba tukuna, sai da Glo ya shigo a 2003 ya yi shi, sauran suka bi sahu. Ashe yana yiwuwa.

A watan Satumba na 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, domin yaƙi da 'yan bindiga. Ban zo yin gardama a kan dalilin tsaro ba. Tambayata ita ce ta kuɗi: katin da mutane suka sa, da datar wata da suka saya kafin a katse, kuɗinsu ya riga ya shiga hannun kamfani, su kuwa suna riƙe da waya kurma na makonni. A tsarin biya kafin a ba ka, duk abin da ya faru tsakanin biya da karɓa a wuyan mai saye yake sauka.

'Yan kasuwa suna da tasu hujja, cewa akwai masu odar kaya a kawo su ce sun fasa. Gaskiya ne. Amma littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Wurno tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun daɗe da warware wannan a babin salam, watau cinikin da ake ba da kuɗi kaya su biyo baya. Sun halatta shi bisa sharaɗin a san siffar kaya, a san adadinsa, a kuma yanke ajali sananne. 'Yan kasuwarmu sun ɗauki karɓar kuɗin, sun bar sharuɗɗan. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta ba mai saye ikon soke odar da ya yi tun kafin a kawo kaya, sai dai a cire masa wani abu daidai gwargwado. Mutum nawa ne a kasuwar Achida ya taɓa jin wannan?

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta daina ganin wannan a matsayin ƙaramar magana. Ta buɗe littafi a ofishinta, duk wanda aka riƙe wa kuɗi ya kawo rasit a rubuta, a haɗa ƙorafin wuri guda a kai FCCPC, na kati da data kuma a kira hukumar NCC a lamba 622. Mu kuma kada ɗayanmu ya sake miƙa ko kwabo sai an rubuta masa samfurin wayar, da ranar da zai karɓa, da cewa in ranar ta wuce za a mayar masa da kuɗinsa cif. Mai kantin da ya ƙi rubuta wannan, a liƙa sunan kantinsa a allon sanarwa na ɗakunan kwanan ɗalibai.