Kafin ruwa ya ƙarasa da ganuwar Haɗeja, a ɗauke ta hoto

A garin Umuahia da ke Jihar Abiya akwai wani gini a ƙarƙashin ƙasa da ake kira Maɓoyar Ojukwu. An gina shi a 1968, bayan sojojin tarayya sun karɓe Inugu a watan Oktoban 1967, hedikwatar Biyafara ta koma Umuahia. A ciki jagororin Biyafara ke fakewa daga ruwan bama-baman jiragen sama. Yau wurin na hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ɗalibai da baƙi kan sauka ta matakala, su zaga ɗakunan, su ɗauki hotuna.

Haka abin yake a Stockport, kusa da Manchester a Ingila. An haƙa ramuka cikin dutse aka buɗe su a 1939, farkon Yaƙin Duniya na Biyu, kuma mafi girmansu ya kai ga ɗaukar mutum 6,500. Tun 1996 aka mayar da shi wurin ziyara. Jikokin waɗanda suka kwana a ciki su ne yanzu ke sayen tikiti su shiga.

Haɗeja ba ta da irin wannan rami. Jirgin yaƙi bai taɓa yi mata luguden wuta ba, kuma a ƙasar fadama irin tata, haƙa kaɗan mutum zai yi ya tarar da ruwa. Amma tana da tata mafakar yaƙin, wadda ta girmi waɗancan duka: ganuwa. Bambancin shi ne, su can sun adana tasu, ita kuwa ta Haɗeja tana zaizayewa damina bayan damina.

Abin da ganuwar ta gani

A ƙasar Hausa ganuwa ba ado ba ce. In aka ji ƙugen yaƙi, mutanen ƙauyuka kan kwaso iyali da dabbobi da hatsi su shige birni, a rufe ƙofofi. Shi ya sa ake gina ta da faɗi har ta kewaye gonaki da kududdufai, domin waɗanda ke ciki su iya jure doguwar tsarewa.

Ganuwar Haɗeja ta ga zamanin Sarki Buhari, wanda ya hau gado a 1848, ya bijire wa Sakkwato, ya yi ta gwabzawa da maƙwabta har rasuwarsa a 1863. Sannan ta ga ranar da ta fi kowace rana nauyi a tarihin garin, wato 25 ga Afrilun 1906.

A lokacin Turawan Ingila sun riga sun ci Kano da Sakkwato tun 1903, sun kuma murƙushe boren Satiru a farkon 1906. Suka aika wa Sarkin Haɗeja Muhammadu da sharuɗɗa, bai karɓa ba. Rundunar da Kanar Lowry Cole ya jagoranta ta zo da manyan bindigogi da masu sarrafa kansu, aka shafe sa'o'i ana fafatawa a cikin gari. Sarki ya rasu a fagen daga tare da wasu 'ya'yansa da hakimansa da ɗimbin jama'a. Daga nan ya samu laƙabin Mai Shahada, Haruna ya gaje shi.

Wannan labari kusan kowane Bahaɗeje ya san shi. Tambayar ita ce: yaro ɗan sakandare a Haɗeja ko Malam Madori ko Auyo, in aka ce ya nuna inda ganuwar ta bi, da inda kowace ƙofa take, da inda faɗan ya fi zafi, zai iya?

Ƙasa ba ta jira

Ramin Stockport dutse ne, na Umuahia kankare ne. Ko an yi watsi da su shekara 50, za a dawo a same su. Ganuwa kuwa ginin ƙasa ce. A da, gayya ake yi ana yaɓe ta bayan damina. Da aka daina yaƙi aka daina gayyar, sai ruwan sama da iska suka ci gaba da nasu aikin. Gari ya bunƙasa, gidaje suka hau kanta, masu neman ƙasar gini suka yi ta ɗiba.

Ga kuma ambaliya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya, kachala ta toshe hanyoyinsa da dama. A 2020 da 2022 an ga yadda mutanen gari suka kwana a bakin jinga suna cika buhuna da ƙasa domin kada ruwa ya shigo. A irin wannan wuri, tsohon ginin ƙasa kwanansa ƙidayayye ne.

Wanda ke ganin akwai sauran lokaci ya dubi Kano. Ganuwarta ta shiga jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, amma hakan bai hana gine-gine da kududdufai cinye yawancinta ba. In haka ta faru da wadda duniya ta sani, ina ga wadda ba a cika ambatonta ba?

Hoto da bayani

Sake gina ganuwa aiki ne na kuɗi masu yawa, kuma ba lalle a yi shi nan kusa ba. Ɗaukar hotonta kuwa wayar da ke aljihun kowane matashi ta isa. Sai dai ba kowane hoto ke zama tarihi ba. Hoton ɗauki-kanka da fuskar mutum ta rufe rabin wurin, aka ɗora a Facebook ba suna ba kwanan wata, bayan mako guda ya nutse.

Hoton da zai yi amfani bayan shekara 40 yana buƙatar abubuwa kaɗan. A rubuta sunan unguwa da ranar ɗauka. A kunna alamar taswira a waya domin a san takamaiman wurin. A tsayar da mutum ko sanda mai awo a gefe domin a gane tsayi. A ɗauka daga nesa, a ɗauka daga kusa, a kuma koma wuri ɗaya kowace shekara bayan damina, domin a ga abin da ruwa ya ci. Mafi muhimmanci, a zauna da dattawan unguwa a naɗi muryarsu. Su ne suka san inda ƙofa take kafin titi ya bi ta kai, kuma su ma ba dawwama za su yi ba.

Aikin bai tsaya kan ganuwa ba. Akwai kewayen fada inda aka yi gumurzu, da makwantan waɗanda suka rasu a 1906, har da kabarin Kyaftin Phillips, Baturen da aka yi wa laƙabi da Mai Tumbi. Adana kabarinsa ba yabon mulkin mallaka ba ne. Shaida ce ta cewa abin ya faru, a nan ya faru. Irin waɗannan wurare kuma suna buƙatar ladabi: a nemi izinin masu unguwa da iyalai kafin a ɗaga waya, kada a mai da makwancin mamaci dandalin bidiyon barkwanci.

Masu cewa ba yanzu ba

Wani zai ce mutumin da ruwa ya cinye gonar shinkafarsa ba tsohuwar katanga ce damuwarsa ba. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗebi kuɗin jinga ko na asibiti a kai wa ganuwa. Amma aikin da ake magana a kai ba ya gasa da waɗannan. Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman tana cikin Haɗeja, Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai. Rukuni ɗaya na ɗalibai, da sahalewar Majalisar Masarauta, zai iya bin sawun ganuwar daga farko zuwa ƙarshe cikin rani guda.

Abin da ya rage shi ne ma'ajiya. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, shafukan sada zumunta na rufewa. Ya kamata masarauta ta ware wuri guda da za a riƙa tara hotunan da muryoyin, a kai kwafi Gidan Arewa da ke Kaduna, a kuma miƙa wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa buƙatar sanya abin da ya saura cikin wuraren da doka ta kare, kamar yadda aka yi wa zanen kan duwatsu na Birnin Kudu. Hukuma ta fi sauraron wanda ya zo da taswira da hotuna a hannu fiye da wanda ya zo da labarin baka kawai.

Mutanen Umuahia ba su adana maɓoyarsu don suna kewar yaƙi ba. Sun adana ta ne domin 'ya'yansu su ga abin da yaƙi ke jawowa. Haɗeja ma tana da abin nuna wa nata 'ya'yan. Rani ne lokacin wannan aiki, domin abin da damina ta gaba za ta ɗauka, babu mai dawo da shi.