Kuɗin gina aji akwai, na ɗumama shi ne babu

A watannin farko na shekarar 2023, lokacin da jihar Kalifoniya ke fama da hunturu mai yawan ruwa da sanyi har ƙanƙara ta rufe tsaunukan da ke kewaye da San Faransisko, ɗalibai a wasu ajujuwan City College of San Francisco sun riƙa ɗaukar darasi sanye da rigunan sanyi da huluna, wasu har da barguna. Tukwanen da ke tafasa ruwa su tura ɗumi cikin bututan gine-ginen sun mutu a reshen Mission da na John Adams, wasu gine-ginen babbar harabar ma ba su tsira ba. Malamai sun auna yanayin wasu ajujuwa sun tarar ya sauka ƙasa da digiri 10. Daga cikin matakan da hukumar kwalejin ta ɗauka har da raba 'yan ƙunshin sinadari da ake riƙewa a hannu don ɗumama yatsu.

Shekara uku kacal kafin wannan, a watan Maris na 2020, masu jefa ƙuri'a na birnin sun amince kwalejin ta ci bashin dala miliyan 845 domin gine-gine. Wanda ya ji waɗannan labarai biyu a jere zai yi saurin cewa an ci kuɗin ne. Bayanin ya fi haka sauƙi, ya kuma fi haka muni: dokokin da ke raba kuɗin ne suka mayar da sakaci hanya mafi arha ga duk mai tafiyar da irin wannan makaranta.

Ya kamata a fara sanin su wane ne ke zaune a cikin sanyin. Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta shekara biyu, mai karɓar kusan duk wanda ya zo, mai arhar kuɗin karatu. Ana ɗaukar Joliet Junior College da aka kafa a jihar Ilinoyi a 1901 a matsayin mafi daɗewa cikin na gwamnati, kuma a yau Kalifoniya kaɗai tana da 116. Ɗalibanta ba irin yaran da iyaye ke kai wa jami'a da akwati ba ne. Akwai direban bas da ke zuwa bayan ya tashi aiki, da uwa mai neman shaidar aikin jinya, da baƙon da bai daɗe da shigowa ƙasar ba. Reshen Mission ya yi suna wajen koyar da Turanci ga 'yan ci-rani, wasunsu dattawa ne. Reshen John Adams kuwa nan ake horar da ma'aikatan lafiya. Galibin irin waɗannan kwalejoji ba su da ɗakunan kwanan ɗalibai. Mutum yana zuwa ne na awa biyu ko uku, ya koma aiki ko gida. Idan aji bai zaunu ba, babu ɗakin da zai koma ya jira a gyara, sai dai ya daina zuwa. Kuma da yake kuɗin da jiha ke ba kwaleji ya ta'allaƙa sosai a kan yawan ɗalibanta, kowane ɗalibin da sanyi ya kora yana tafiya ne da wani kaso na kasafin baɗi.

Aikin da ke hana a kai ga nan ba shi da wani kwarjini. Tukunyar ɗumi tana buƙatar wanda zai riƙa duba ƙarfin tururinta, ya gwada bawul, ya zuba sinadarin da ke hana tsatsa da daskarewar datti a cikin bututu, ya sauya ɗan ƙarfen da ya ci kafin ya ja wa sauran. Haka rufin gini yake, haka lif, haka famfunan banɗaki, da na'urar gargaɗin gobara, da fitilun filin ajiye motoci da ɗalibar darasin dare ke bi ta ƙarƙashinsu. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan ilmin ba tare da ya shiga aji ba: ana yaɓe da gyaran indararo kafin damina, wanda ya tsallake shekara biyu kuwa zai sayi katanga sabuwa. Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ta sa wa abin lissafi a wani rahoto na 1990 kan gine-ginen gwamnati, inda ta ce a ware kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na kuɗin sake gina gini a kowace shekara domin kula da shi. Ginin dala miliyan 100 ke nan yana cin miliyan 2 zuwa 4 duk shekara. Cikin shekara 25 zuwa 50 an sake biyan kuɗinsa kaf. Duk shugaban da ya yanke ƙyallen buɗe sabon gini ya sa hannu ne a kan wannan bashin, ko ya faɗa wa jama'a ko bai faɗa ba.

To daga wane aljihu ake biya? A nan ne matsalar take. Kuɗin kwaleji a Kalifoniya aljihu biyu ne da doka ta hana su haɗuwa. Na farko shi ne na lamuni, irin dala miliyan 845 ɗin nan. Tun da masu zaɓe suka amince da ƙudiri mai lamba 39 a shekarar 2000, irin wannan bashi yana buƙatar kashi 55 na ƙuri'u maimakon kashi biyu cikin uku na da, amma da sharaɗi: a kashe shi wajen gini, da sabunta gini, da sayen kayan aiki, ban da albashi da hidimar yau da kullum. Aljihu na biyu shi ne na gudanarwa, wanda ya koma hannun jiha sosai bayan ƙudiri mai lamba 13 na 1978 ya taƙaita harajin gidaje da filaye. Daga wannan aljihun ake biyan malami, da mai shara, da injiniyan da ke duba tukunya.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, kuɗin lamuni zai iya sayen sabuwar tukunya bayan tsohuwar ta mutu, amma ba zai iya biyan mutumin da zai hana ta mutuwa ba. Shugaban kwalejin da kasafi ya matse yana da zaɓi biyu: ya ci gaba da biyan masu gyara daga aljihun da ba ya isa, ko ya bar guraben waɗanda suka yi ritaya a buɗe, ya jira injin ya lalace har ya cancanci shiga jerin ayyukan lamuni. Na biyun ba ya nuna illarsa sai bayan shekaru, a lokacin da wataƙila wani ne a kan kujerar. Ba sai mutum ya zama mugu zai zaɓe shi ba.

Akwai kuma wata tsohuwar doka ta 1961 da ke tilasta wa kowace gundumar kwaleji ta kashe aƙalla rabin kuɗin gudanar da ilmi a kan albashin malaman da ke koyarwa a aji. Mai shara, da mai gyaran famfo, da mai gyaran wuta, har da ma'aikacin ɗakin karatu da mai ba ɗalibai shawara, duk suna ɗaya ɓangaren ma'aunin, tare da manyan jami'an ofis. Kowace dala da aka ƙara wa sashen gyara tana matso da kwalejin kusa da karya doka. Ƙungiyoyin malamai suna kare wannan dokar da hujja mai ƙarfi, cewa in aka cire ta kuɗin zai zarce ne zuwa sababbin muƙaman mataimakan shugaba, mai gyaran famfo ba zai ga ko sisi ba. Tarihin manyan makarantu bai ƙaryata su ba. Sai dai hujjar tana nuna buƙatar a raba mai riƙe da sifana da mai riƙe da muƙami a cikin lissafi, ba ta nuna cewa a bar su a kwando ɗaya ba. Kuma abin lura ne cewa ƙungiyar malaman kwalejin, AFT 2121, tana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan sanyin 2023, domin malamin da doka ta kare albashinsa shi ma a cikin ajin yake tsaye.

Za a ce kwalejin ta San Faransisko tana da nata ciwon na daban, kuma gaskiya ne. An kafa ta a 1935, wasu gine-ginenta sun tsufa ƙwarai. A 2012 hukumar tantance kwalejoji ta yankin ta yi mata gargaɗi mafi tsanani, a 2013 ta yanke shawarar janye mata amincewa, rigimar da ba ta lafa ba sai a farkon 2017. A tsakanin nan ɗalibai suka watse da yawa, kuɗi ya bi su. A 2022 an sallami malamai 38 na cikakken lokaci. Makarantar da ke sallamar malamai ba za a yi mamaki ba in ta jinkirta gyaran bututu. Amma wannan ba ya wanke tsarin, yana nuna wanda tsarin ke fara sadaukarwa ne idan wuya ta yi wuya. Jihar da kanta ta yi irin wannan: a kasafin 2022 ta ware kimanin dala miliyan 840 na lokaci guda domin gyare-gyaren da suka taru a kwalejojin al'umma, da kuɗin shiga ya ragu a shekara mai bi sai ta janye kimanin miliyan 500 daga ciki. A watan Nuwamba na 2024 kuma masu zaɓe suka amince da sabon lamunin dala biliyan 10 na gine-ginen makarantu, biliyan ɗaya da rabi daga ciki na kwalejojin al'umma. Jihar da ta kasa riƙe alkawarin gyara na shekara guda ta samu hanyar cin bashin gini da za a daɗe ana biya.

Dalilin siyasa a fili yake. Sabon gini yana da ranar aza harsashi, da ranar buɗewa, da allon da aka rubuta sunaye. Tukunyar da ta yi shekara talatin tana aiki ba tare da ta taɓa tsayawa ba, ba wanda zai kira 'yan jarida su ɗauki hotonta. Majalisar amintattun kwalejin zaɓaɓɓiya ce, kuma ɗan takara ba ya cin ƙuri'a da abin da bai faru ba.

Mai karatun da ya san asusun TETFund a Nijeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Asusun, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin na harajin ilmi na 1993, yana raba kuɗi tsakanin jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilmi bisa kaso biyu, ɗaya, ɗaya, kuma tambarinsa yana kan sababbin gine-gine a kusan kowace haraba. Yana da ɗan kaso na gyaran ayyukan da ya gina, ƙanƙani idan aka gwada shi da na gini. Dizal, da kuɗin wuta, da albashin masu shara, da fanfon rijiyar burtsatse kuwa suna kan ɗan abin da gwamnati mai makarantar ta saki da wanda makarantar ta tara da kanta. Can tukunyar ɗumi ce ke mutuwa, nan fanka da tankin ruwa, amma aljihun biyu ne a duka wuraren.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Gyaran tsarin ba ya buƙatar wata sabuwar hikima: kada a amince da sabon gini, da lamuni ko da tallafin asusu, sai an nuna a rubuce inda kashi 2 ɗin nan na shekara-shekara zai fito, kuma a killace shi yadda aka killace albashin malamai, ta yadda ba za a iya janye shi a shekarar matsi ba. In kuɗin kula da gini bai samu ba, a rage girman ginin, ko a rufe wani tsoho kafin a buɗe sabo. Wannan na ƙarshen zai ɓata wa mutane da yawa rai, domin kowane reshe yana da unguwar da ke kallonsa a matsayin nata. Duk da haka rufe gini da shawara, a sanar da ɗalibai tun kafin zango ya fara, ya fi mutunci a kan barin su su yi rajista, su biya kuɗin mota, su zo su tarar da aji ba ya zaunuwa.

Majalisar amintattun ta San Faransisko ta amince da kwangilar sauya tukwanen ne bayan hotunan ɗalibai cikin barguna sun bazu a jaridun birnin. Irin wannan aiki yana ɗaukar watanni, don haka waɗanda suka yi rajistar zangon farkon 2023 a Mission da John Adams sun ƙarasa hunturun a yadda suka fara shi.