JANARETA KO SOLA? KAFIN KA ƘARA ZUBA ALBASHINKA A TANKI

Jama'a, duk wanda yake karɓar albashi irin namu kuma a yau yake shirin sayen sabon janareta saboda wutar gida, don Allah ya tsaya ya ɗauki biro tukuna. Na san wasu za su ce Malam ya fara tallar sola. Ba ni da shago, ba ni da kamasho a wurin kowa. Lissafi kawai nake so mu yi.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, janareta ya daina zama kayan talaka. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Mu ɗauka lita 2 kake ƙonawa kowane dare don fanka da fitila da cajin waya. Lita 60 ke nan a wata. Ko a naira 900 ka saya, 54,000 ta tafi, ban da baƙin mai, ban da fulogi, ban da kuɗin mai gyara. Mafi ƙarancin albashi a Kebbi 75,000 ne. To me ya rage wa shinkafa da kuɗin makaranta? Kuma da ka kashe injin shi ke nan, kuɗin ya bi iska, sai ƙara a kunnen maƙwabci da ciwon kai. Ga hayaƙin da ke kashe iyali cikin barci idan aka shigo da injin zaure ko baranda don tsoron ɓarawo. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari, ba ta sallama.

Masu kare janareta suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, ba zan musa ba: kuɗin sola a dunƙule ake biya, na fetur kuwa kaɗan-kaɗan. Gaskiya ne. Amma wa ya ce sai ka haɗa gida duka rana ɗaya? Faranti ɗaya ko biyu, fankar sola, ƙwayaye masu cin wuta kaɗan, wurin caji. Mu da muke adashi a ofis don babur da kayan ɗaki, me zai hana a yi don wannan?

Sai dai a nan ne nake da faɗa da wasu masu haɗa sola, domin su ne suke sa mutane komawa janareta suna tsinuwa. Mutum zai kawo maka batir ɗaya mai 12V 200Ah ya rantse zai ɗauki firiza har asuba. Ƙarya ne. Abin da ke cikin batirin nan bai wuce yunit 2.4 ba, kuma idan irin na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka sha, in ba haka ba ka kashe shi da wuri. Fankar sama biyu da talabijin da fitilu, wajen wat 250, ba za su kai awa biyar ba. Ga zafin Yauri na Maris da Afrilu, wanda yake rage wa batir kwana ko da ka lallaɓa shi. Batirin litiyam ya fi juriya nesa ba kusa ba, amma kasuwa cike take da tsofaffi da aka sake wa kwali. Ka nemi takardar garanti a rubuce, ka sa a lissafa maka kayan da za ka ɗora ɗaya bayan ɗaya. Dutsen guga da hita ba na ƙaramar inbata ba ne, a gaya wa uwargida tun farko don a zauna lafiya. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar faranti, aikin yaro ne na minti biyar.

Wanda ke da firiza ta kifi ko ƙanƙara a bakin kasuwa, ko mai walda, lissafinsa daban ne. Da magidanci nake magana.

Yanzu abin da ya fi ci mini rai. Wasu da sun ɗora faranti a kwano sai ka ji suna cewa "ni na rabu da NEPA, can su ƙarata." Haba ɗan'uwa! Mu ne fa a bakin Kainji. Dam ɗin nan da aka kammala a 1968, mai ƙarfin megawat 760, mutane sama da dubu 40 aka tayar saboda shi. Gungawa sun bar tsibiransu da gonakin albasa da kaburburan iyaye, ruwa ya rufe. Daga Kainji layi ya miƙe zuwa Birnin Kebbi, daga can wuta ta tsallaka har Yamai. Amma ka shiga ƙauyukan Ngaski da Shanga da dare ka ƙirga fitilun da za ka gani. An kafa HYPPADEC don yankuna irin namu, muna da 'yan majalisa a Abuja da Birnin Kebbi. Idan duk mai bakin magana, malami da ma'aikaci da ɗan kasuwa, ya sayi sola ya yi shiru, wa zai yi magana a madadin mai niƙa da tela da matar da ke sayar da zoɓo, waɗanda ko faranti ɗaya ba za su iya saye ba?

Kuma ku lura, ita kanta fadar shugaban ƙasa an ware mata naira biliyan 10 a kasafin 2025 don sola. Wato masu riƙe da wutar ma sun gudu daga layin, sun bar mu da bil.

Don haka ni dai matsayina: ka sayi sola daidai ƙarfinka, ka bar tsohon janareta a kusurwa don ranar larura, kada ka cire mitarka, kada kuma ka daina tambayar ɗan majalisarka awa nawa Yelwa ta samu wuta a makon nan. Abokaina masu sayar da janareta a kasuwa, ku yi haƙuri, idan lissafina bai yi ba ku kawo naku a ƙasa mu duba tare.